Mushtarin da ya fito kamar dafaffen ƙwai: amsoshin tambayoyinku kan bidiyon sama

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso ni a Jidda wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato bidiyon wata da taurari, da yadda ake shirya shi kafin a jibga hotunansa su zama guda. Na ɗauki huɗu. Ta farkon za ta ci mana wuri, don amsarta ta ɗauke rabin nauyin sauran.

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Makka, muna zaune a Hindawiyya. Na tara kuɗi na sayi kyamarar Canon 600D ta hannu, da madubin hangen nesa mai faɗin milimita 127, zangonsa milimita 1,500. Na ɗauki Mushtari a saman benenmu, bidiyon minti takwas, ina tura madubin da hannu duk lokacin da ya kusa fita. AutoStakkert, manhajar da ke jibga hotunan, ta ƙi buɗe fayil ɗin. Sai na juya shi da wata manhaja a waya, na aika wa kaina ta WhatsApp zuwa kwamfuta. Abin da ya fito kamar dafaffen ƙwai, ko ɗamara ɗaya babu. A ina na kuskure?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, kada ka karaya. Kayan da ke hannunka sun isa su nuna maka ɗamaru biyun nan na Mushtari, wato layukan da ke ratsa fuskarsa, har da Babban Jan Tabo idan ya juyo ta wajenmu. Ni da irinsu na fara. Hotonka ya lalace ne tun kafin ya shiga AutoStakkert, kuma a wuri fiye da ɗaya.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake ɗaukar bidiyo ba hoto ɗaya ba. Ka san kawalwalniyar da ke rawa a kan kwalta idan ka taso daga Makka zuwa Jidda da azahar. Iskar da ke samanmu haka take da dare ma, ido ne kawai ba ya kama ta. Hasken Mushtari yakan yi tafiyar fiye da rabin sa'a kafin ya iso mu, yana tafe sumul, sai a ƙiftawar ƙarshe iskar duniya ta lanƙwasa shi. Amma iskar ba kullum take rawa ba. Takan lafa na ɗan lokacin da bai kai daƙiƙa ba, ta sake tashi. Idan ka ɗauki hotuna dubu huɗu a jere, ɗari biyar ko dubu daga ciki za su faɗo a daidai wannan lafawar. Su muke farauta. Jibga su kuma shi ke kashe yashi-yashin da ke cikin kowane hoto: hoto 100 na rage shi sau 10, hoto 400 sau 20. Manhajar jibgi ba ta ƙirƙiro komai, abin da ka zuba mata shi take tacewa.

To, kai me ka zuba mata? Kyamararka tana ajiye bidiyo a fayil ɗin MOV, matsattse da tsarin H.264. An yi wannan tsarin ne don biki da walima. Ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye ɗaya, sannan a na bayansa ya rubuta abin da ya canza kawai, kuma duk ƙananan bambance-bambancen da yake ganin ido ba zai lura da su ba sai ya watsar. A fuskar amarya ba wanda zai gane. A fuskar Mushtari kuwa, waɗannan ƙananan bambance-bambancen su ne ɗamarun. Wannan matsi na farko dole ne, haka kyamarar take, mun haƙura da shi. Amma manhajar waya ta sake matse shi, WhatsApp ya matse na uku, ya kuma rage girmansa. Abin da aka zubar a kowane matsi ba ya dawowa, ko da wace irin manhaja. Daga yau ka cire memori daga kyamara, ka sa shi a kwamfuta, ka kwafe fayil ɗin yadda yake. Kuma kada ka goge na asalin. Na taɓa goge bidiyon Zuhal na dare guda cif bayan na juya shi, ina ganin na gama, daga baya na tarar na datse gefen zoben a wajen yanka. Har yau wannan daren yana yi mini ciwo, don ban sake samun iska kwance kamarsa ba a shekarar.

Manhajar da ke tsakanin kyamara da AutoStakkert ita ce PIPP. Kyauta ce, a Windows take aiki. Ka ja fayil ɗin ka jefa mata, ka zaɓi tsarin da aka ware wa duniyoyi. Abu uku za ta yi maka, kuma kowanne yana da dalili. Za ta warware matsin ta fitar da bidiyon a SER ko AVI marar matsi, wanda AutoStakkert ke karantawa ba gardama. Za ta nemo Mushtari a kowane hoto ta dawo da shi tsakiya, ta jefar da hotunan da ya fita daga cikinsu. Wannan ya shafe ka sosai, tunda da hannu kake turawa. Sannan za ta yanke baƙin da ke kewaye.

Yankan nan kada ka raina shi. Hoto ɗaya mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, idan aka warware shi, ya haura megabait 6. Bidiyon minti biyu da rabi a kan hoto 30 kowace daƙiƙa hoto 4,500 ke nan, kusan gigabait 28, kuma kusan dukansa baƙin sama ne da ba ka da aiki da shi. Ka ce wa PIPP ta bar ɗigo 300 kowane gefe, duka fayil ɗin zai dawo gigabait ɗaya da ɗan ɗoriya. Tsohuwar kwamfutar ɗalibi ma za ta ɗauka. Sai dai ka bar masa fili a kewaye, kada ka yanka daf da jikinsa.

PIPP tana iya jera hotuna daga mafi kyau zuwa mafi muni ta zubar da na ƙasa. Ni ba na barinta ta yi duka zaɓin. Nakan ce ta zubar da rabi ko ƙasa da haka, waɗanda hannu ya girgiza da waɗanda suka jirkice sarai, sauran in bar wa AutoStakkert, don a ganina ta fi ta iya tantancewa. Kamar tsintar shinkafa ne: tsakuwar da ke fili ka cire da hannu, sauran rariya za ta raba.

Yanzu ga wanda ya fi duka muhimmanci, kuma a cikin kyamarar yake. Idon 600D, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamarar, yana da ɗigo 5,184 a kwance. Idan ka ɗauki bidiyo yadda aka saba, kyamarar tana tsuke wannan faɗin duka ya koma 1,920. A madubinka, Mushtari a lokacin da ya fi kusa zai cika ɗigo kusan 75 a kan idon, amma bayan tsukewa bai kai 30 ba. A ɗigo 30 babu wurin da tabo zai zauna. Ka shiga wajen zaɓen girman bidiyo, za ka ga 600D tana da zuƙowa daga sau 3 zuwa sau 10. Ka tsaya a sau 3 cak. A nan kyamarar tana ɗaukar tsakiyar idon ne kawai, kusan ɗigo da ɗigo, ba tsukewa. Abin da ya wuce 3 kumburi ne kawai. Masu 550D da 60D suna da nasu, wanda ke yanko 640 da 480 daga tsakiya yana ɗaukar hoto har 60 a daƙiƙa. Ka kuma sauya tsarin bidiyo daga PAL zuwa NTSC, za ka samu hoto 30 a maimakon 25, riba ce a banza. Komai ka mayar da shi na hannu. Saurin ƙiftawa ka fara daga 1/100, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske, har ɗamarun su bayyana, amma kada tsakiyar ta yi fari fat, domin abin da ya ƙone ya ƙone. Kaifin da kyamara ke ƙara wa hoto da kanta ka sauke shi ƙasa gaba ɗaya. Saitin gani kuwa ka yi shi a kan ɗaya daga watanninsa huɗun nan da Galileo ya gani a 1610: ka murɗa a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka ɗauke hannu.

Minti takwas ɗin ma sun yi yawa. Mushtari, duk girmansa, yana gama juyi ɗaya a ƙasa da sa'a goma. Abin da ke tsakiyar fuskarsa zai gusa ɗigo uku a madubinka cikin minti takwas, kai kuma ka jibga farkon a kan ƙarshen, ka shafe su da hannunka. Kada ka wuce minti biyu zuwa uku. Tunda madubinka ba shi da injin bin sama, a zuƙowa sau 3 Mushtari zai ratsa allon daga gefe zuwa gefe cikin kamar minti ɗaya. Ka ajiye shi a bakin allo, ka saki madubin, ka bar shi ya wuce da kansa. Ka dawo da shi, ka sake. Gajerun bidiyo biyu ko uku, PIPP ta haɗe maka su wuri ɗaya, muddin daga farkon na farko zuwa ƙarshen na ƙarshe bai haura minti uku ba.

Sai saman benen kansa. Simintin Makka yana shan rana yini guda, yana amayar da zafin har tsakar dare. Ga kuma injinan mukayyif, wato na'urorin sanyaya ɗaki, naku da na maƙwabta, suna feso iska mai zafi. Wani dare a Disambar 2024, lokacin da Mushtari ke wucewa kusan ta tsakiyar kanmu, ina kallon allo ɗamarun sun fito rangaɗau, sai na ji injin maƙwabcina ya tashi. Kafin in ƙirga biyar fuskar ta fara tafasa kamar an ɗora ta a murhu. Injin ya tsaya, ta lafa. Tun daga ranar nake ɗaukar kayana zuwa kusurwar da babu injin kowa a ƙarƙashin inda nake hange, kuma na fi son bayan ƙarfe biyun dare zuwa kiran sallar farko. Ka fitar da madubin sa'a guda kafin ka fara, don ya daidaita da iskar waje. Mu nan Jidda, idan ka fito da shi daga ɗaki mai sanyi, nan take gilashin zai yi gumi. Kada ka goge da riga, ka jira ya bushe. Muna da gata ɗaya da ya kamata mu sani: Makka da Jidda suna wajen digiri 21 arewa, don haka duniyoyi suna hawa sama sosai a wurinmu fiye da yadda suke yi wa mutanen Turai, kuma duk yadda abu ya yi sama, iskar da haskensa zai keta ta ragu.

A AutoStakkert, wadda Emil Kraaikamp ɗan ƙasar Holan ya rubuta, ka gwada jibga kashi 10, da 25, da 50 cikin ɗari, ka jera sakamakon ka duba da idonka. Daren da iska ta kwanta 50 za ta yi nasara, daren da ta tashi sai 10. Hoton zai fito da laushi, kada ka tsorata, haka yake fitowa. A wata manhaja mai suna RegiStax ake ƙara masa kaifi, kaɗan-kaɗan. Da ka ga farin zobe ya fara zagaye bakinsa, ka wuce gona da iri, ka koma baya.

Bidiyon da ka riga ka ɗauka, in na asalin yana nan a memori, ka yanko minti biyu daga inda hannunka ya fi natsuwa ka bi da shi ta PIPP. Ƙarami zai fito, amma ina sa ran za ka ga layuka biyu.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Madina. Ina ɗora wayata a bakin ƙaramin madubin da muke da shi in ɗauki wata don in nuna wa 'yan mata a aji. Na jira daren 14 don ya cika, amma ya fito fari tas kamar faranti, kuma yana ta zamewa daga allo. Ko waya ba ta iya wannan aikin?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Waya tana iyawa, wata ya fi komai sauƙi a sama. Daren ne bai dace ba. A daren 14 rana tana haska shi gaba da gaba, babu inuwa, kuma inuwa ce ke fito da tudu da rami. Ki duba kalandar Ummul Ƙura, ki fita tsakanin daren 7 da na 9, bayan magariba. Ki nufi layin da ya raba haske da duhu.

Farin kuwa wayar ce ta ga baƙin sama ya yi yawa ta buɗe ido. Ki danna yatsa a kan watan ki riƙe har ta kulle haske da saiti, sannan ki ja hasken ƙasa har ya koma ruwan toka. Ki kashe HDR da tsarin hana girgiza, don dukansu suna taɓa kowane hoto ta hanyar da ke rikita jibgi. Ki sayi ɗan maƙalin da ke riƙe waya a bakin madubi, hannu ba zai iya ba. Zamewar da kika gani juyin duniyarmu ne: wata yana gusawa da faɗin kansa duk minti biyu. Daƙiƙa 30 zuwa 40 sun ishe ki. Ki kai fayil ɗin kwamfuta ta kebul, ki bi abin da na gaya wa ɗanmu na Makka. Bambanci ɗaya ne. Idan watan duka yana cikin allo, PIPP za ta kama shi kamar yadda take kama Mushtari. Idan kuwa kin zuƙo har ya cika allon, ki zaɓi tsarin kusa, ki nuna mata rami ɗaya mai haske da inuwa ta riƙe shi a matsayin turke.

Ga abin da nake so ki kai wa ɗalibanki. A daidai waɗannan dararen, kusa da tsakiyar wata ta ɓangaren kudu, akwai babban rami mai faɗin kusan kilomita 130 da ake kira Albategnius. Sunan Al-Battani ne, masanin taurari na Raƙƙa da ya rasu a 929, aka lanƙwasa shi da harshen Latin. Kudu maso yamma da shi akwai Arzachel, wato Az-Zarƙali na Andalus. Ba nisa da su akwai Azophi, shi ne Abdurrahman As-Sufi, da Abulfeda, da Almanon don halifa Ma'amun. Sunayen nan suna kan taswirar wata tun wadda masanin taurari Riccioli ya fitar a 1651. Yarinyar da ta ɗauko ramin Al-Battani da wayar malamarta ba za ta manta da sunansa ba.

Tambaya: Kawu, ni direba ne, ina yawan kwana a hanyar Ɗa'if ta Hada. Zan iya ɗaukar Kaza da 'Ya'yanta da irin wannan bidiyon?

Amsa: A'a, ƙanena. Bidiyo na abu mai haske ne: wata, Zara, Mushtari, Zuhal, Mirrik. A bidiyo kowane hoto bai fi kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa yake samu ba, taurari masu rauni kuwa daƙiƙu suke buƙata. Ka ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, ka ɗauki hotuna ɗaiɗai a RAW, wato ɗanyen hoto yadda kyamara ta kama shi, kowanne daƙiƙa biyu zuwa huɗu in gilashinka na milimita 50 ne, guda ɗari ko fiye. Ka rufe bakin gilashin ka ƙara ashirin na duhu zalla. Manhajojin Siril ko DeepSkyStacker za su jibga maka. Kana da sa'ar wuri, amma ka ɗan wuce gaba zuwa wajen Shafa, ka ba hasken Makka baya.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a Jidda, shekara da shekaru ina fita duban jinjirin wata, yanzu ido ya yi rauni. Jikana ya ce da bidiyo da kwamfuta za a iya fito da shi ko da ido bai gan shi ba. Gaskiya ne?

Amsa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikanka ya yi gaskiya. Jinjirin daren farko siririn zare ne a kan sama mai sauran haske, bambancinsu kaɗan ne ƙwarai, kuma jibga hotuna ɗaruruwa yana rage yashin har zaren ya fito. Sai dai a nan matsin da na yi ta magana a kai ya fi ɓarna, domin wannan ɗan bambancin shi ne farkon abin da yake zubarwa. Don haka jikan ya ɗauki hotuna a RAW a jere idan kyamararsa ta yarda, ya fi bidiyo. PIPP ma ba za ta iya kama abin da ba ta gani ba, sai dai a jera hotunan da hannu ko a samu madubi mai injin bin sama. Maganar tsayuwar wata kuwa ba ta hotonmu ba ce. Kotun Ƙoli ce ke sanarwa bayan shaidar masu duba a wurare irin su Sudair da Tumair.

Abu ɗaya nake roƙonka, Baba, ka tsaya a kansa da kanka: kada yaron ya ɗaga madubi ko kyamara ta yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Jinjirin yana kusa da ita, kuma ƙiftawa ɗaya ta hasken rana a cikin madubi tana ƙona ido har abada.

Ku fara da daren 2 ko na 3. Ku je bakin teku ta wajen Abhur inda yamma take a buɗe, ku kafa kaya tun kafin magariba da murfi a bakin madubin, ku yi salla, sannan ku buɗe. A waɗannan dararen watan ya ɗan yi sama, yana daɗewa kafin ya faɗi. Jikan ya ɗauki bidiyo biyu. Na farko da haske kaɗan don lauje. Na biyu ya buɗe hasken sosai, za ku ga sauran jikin watan ya bayyana cikin duhu-duhu, hasken rana ne da ya bugi duniyarmu ya koma kansa. Idan ya jibga su, ya buɗe maka hoton a babban allon talabijin na falo, inda idonka zai kama shi ba wahala.